Wa Zai Ba Shi Ruwa?

Da aka gama gyaran gidanmu na gado a Talata Mafara, na ɗauko Inna a mota domin ta sa albarka kafin ɗan haya ya tare. Ta zagaya ɗakunan ɗaya bayan ɗaya, ta shafa tayil da tafin hannu, ta ɗaga kai ta dubi silin, ba ta ce uffan ba. Sai da muka fito tsakar gida, ta ga yara biyu durƙushe suna dasa ciyawar da na sayo buhu-buhu daga masu sayar da furanni a Sakkwato, sannan ta tsaya.

"Wanga haki hwa? Doki za ka ɗaurewa?"

Na ce ado ne, Inna, haka ake yi yanzu, gida ya fi daraja a idon mai haya. Ta ɗan yi shiru, ta ce, "To, wa za ya ba shi ruwa?" Na ce wanda ya shiga gidan mana. Ta ce Allah shi sa albarka, ta nufi mota.

Gidan ba nawa ba ne ni kaɗai. Bayan rasuwar mahaifinmu mun yi shawara kada a sayar, a haɗa kuɗi a gyara, a ba da haya, abin da ya shigo a riƙa yi wa Inna hidima da shi, a kuma biya kuɗin makarantar marayun da yayanmu ya bari. Lissafin bai da aibi. Mafara gari ne da ake neman gidan haya: ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, ga jami'ar jiha da aka kafa a 2018, ga ma'aikatan asibiti da na banki, ga kuma masu ɗan hali da rashin tsaro ya koro daga ƙauyuka. Aka ɗora mini aikin saboda ni ne mazaunin Abuja, wai na ga gidaje. Wannan ganin gidajen shi ya ja mini.

Kafin ciyawar ma na riga na yi wata ɓarna. A tsakar gidan akwai durumi da mahaifinmu ya dasa tun kafin a haife ni. Magini ya ce saiwarsa za ta fasa sabuwar katanga, ganyensa kuma zai riƙa ɓata intalok. Rabin maganarsa gaskiya ce, domin durumi da ceɗiya dangin juna ne, saiwarsu tana bin danshi har ƙarƙashin gini, tana iya kai wa ramin masai ziyara. Amma ban tambayi kowa ba ko akwai wata dabara, ko a datse saiwar ɓangaren katanga, ko a rage rassa. Na ce a sare. Cikin wuni guda aka kwantar da inuwar shekara arba'in da wani abu, aka sayar wa mai gidan burodi itacen.

An dasa ciyawar a Satumba, ƙarshen damina. Ta yi kore shar har cikin Oktoba, na ɗauki hotuna na tura wa 'yan uwa, aka yi ta sambarka. Ɗan hayar, malami ne mai mata da 'ya'ya huɗu, ya yi ƙoƙari, ya ba ta ruwa kamar wata biyu. Da hunturu ya kankama sai ta fara ja. Zuwa Afrilu babu abin da ya rage sai ƙasa mai ƙura da tsidau yana sukar ƙafafun yara. Na kira shi a waya ina ɗan nuna ɓacin rai. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Yallaɓai, ruwan da muke saye na sha ne da girki da wanka. Ka taɓa lissafa jarka nawa ciyawar nan take sha?"

Ban taɓa ba. A daren na zauna na yi.

Ƙa'idar mai sauƙi ce: ruwa mai kaurin milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne. A bazarar ƙasarmu, da rana da busasshiyar iska, ciyawar da ake so ta zauna kore tana asarar aƙalla milimita 6 a wuni. Filin da na dasa mita 8 ne a mita 10, wato murabba'in mita 80. Lita 480 ke nan kullum, kusan jarka 20 mai cin lita 25. A wata guda, jarka ta doshi 600. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar lita 20 a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya yake bukata a rana domin sha da girki da ɗan tsafta. Ashe abin da na ɗora wa malamin nan shi ne ya riƙa shayar da ciyawa ruwan mutum 24, daga kurar 'yan ga-ruwa, da albashinsa, a gidan da ba nasa ba, tsawon wata takwas na rani.

Da shekara ta cika bai sabunta haya ba. Bai ma ambaci ciyawa ba. Ya ce zafin gidan ne iyalinsa ba sa iyawa: daga hantsi zuwa la'asar babu inda mace za ta zauna ta yi tsintar shinkafa, da dare kuma intalok da katanga suna mayar da zafin da suka sha da rana, shimfiɗa a waje ba ta yiwuwa. Gidan ya yi wata uku babu kowa. Kuɗin zango ɗaya na marayu daga aljihuna ya fita, kuma sai da na yi wa yayata bayanin yadda aka yi kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Daga baya na nemi sanin inda muka samo wannan sha'awar. Filin ciyawa da ake aske wa kai al'adar masu ƙasa ce a Ingila da Faransa, inda yayyafi ke sauka kusan kowane wata na shekara. Alama ce ta cewa mai gida yana da filin da bai bukatar nomawa, da barorin da za su yanke masa. Wani injiniya Bature, Edwin Budding, ya ƙera injin yankan ciyawa a 1830, daga nan talakan birni ma ya samu shiga. Turawan mulki suka kawo ta unguwanninsu na Kaduna da Kano da Sakkwato, mu kuma muka gan ta ta bayan shinge, muka riƙe a zuci cewa haka gidan babban mutum yake. Su kansu masu abin, inda ƙasarsu ta yi kama da tamu, sun fara janyewa. A 2021 jihar Nebada ta Amurka ta yi dokar da ta hana amfani da ruwan kogin Kolorado wajen shayar da ciyawar ado da ba a taka ta, a harabar ofisoshi da tsakiyar tituna na yankin Las Begas, daga 2027. Hukumar ruwa ta can ta daɗe tana biyan masu gida kuɗi domin su cire tasu.

Amma darasin da ya fi kusa da ni bai bukaci tafiya Amurka ba, yana bayan gari. Duk ɗan Mafara da Bakura da Maradun ya tashi da labarin Bakolori. An kammala madatsar a 1978 a kan kogin Sakkwato, kamfanin Impresit na Italiya ya gina, tana riƙe ruwa kimanin mita kubik miliyan 450. Manoma da yawa sun rasa gonaki, kuma a Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe wuta a kan masu neman diyya, aka yi asarar rayuka a Birnin Tudu da kewaye. Wannan ciwo ne daban, ba na wannan rubutun ba. Abin da ya shafi maganata shi ne tsarin ban ruwan. An tsara hekta 23,000, kuma kusan 15,000 daga ciki da na'urorin feshi za a shayar da su, masu bukatar lantarki da injinan turo ruwa da kayan gyara daga ƙetare. Sauran kuwa kanal ne kawai, ruwa yana gangarowa da kansa. Zuwa farkon shekarun 2000 na'urorin feshin sun mutu, abin da ya rage yana aiki shi ne ɓangaren gangara, inda manomi da fartanyarsa zai iya buɗe ruwa ya toshe. Da Bankin Duniya ya zo da shirin gyara na TRIMING, daga cikin abin da aka sa gaba har da mayar da wani sashe na filin feshi zuwa na gangara.

Injiniyoyin da suka zana feshin ba jahilai ba ne, a takarda ya fi tattalin ruwa. Abin da ba su lissafa da kyau ba shi ne wanda za a bar wa abin bayan sun tafi, da abin da yake hannunsa. Ni ma haka na yi a fili mai mita 80. Na zana wa gidan haya lambun da sai mai gida mai rijiyar burtsatse da mai aikin lambu zai iya riƙewa, na miƙa wa wanda yau yana nan, baɗi yana iya samun canjin wurin aiki.

Gidan haya yana da wata ɗabi'a da gidan zama ba ya da ita. Mai gida yana son abin da zai daɗe, amma ba ya nan. Ɗan haya yana nan, amma ba zai kashe kuɗinsa a kan abin da wani zai ci moriyarsa ba, kuma bai yi laifi ba. Saboda haka shukar da za ta rayu a irin wannan gida sai ta cika ɗayan sharuɗɗa biyu, in ta cika duka ya fi: ko ta rayu da ruwan da dama ake zubarwa a gidan, ko ta riƙa ba mazauna gidan wani abu da za su ji asararsa in ta mutu.

Wanda ya fahimtar da ni wannan a aikace Kawuna ne, manomin shinkafa a Bakura. Da na kai masa kuka ya yi dariya har da tari, sannan ya ce in je in wuni a tsakar gidan in ga inda ruwa ke zuba. Lokacin sabon ɗan haya ya shiga, ma'aikacin lafiya ne, na nemi izininsa na wuni. Wurare huɗu na gani: inda ake alwala, inda ake wanke-wanke, ƙarƙashin tankin da ke ɗiga, da bakin indararo. Gida mai mutum shida, kowa da butarsa sau biyar a rana, ruwan alwala kaɗai ya haura jarka guda, kuma tsabtatacce ne, babu sabulu. Duk yana bin siminti ya fita ta rariya ya zama caɓi a ƙofar maƙwabci. Na damina kuwa ba a magana: rufin kwano mai murabba'in mita 150, in aka yi ruwa na milimita 20, lita 3,000 yake zubarwa, jarka 120 a dare ɗaya.

Muka fara da wurin alwala. Aka ɗaga intalok, aka haƙa rami kamar zurfin gwiwa, aka cika da ɓaraguzan bulo da suka rage daga gyara, aka rufe da tsakuwa, domin ruwa ya nutse nan take kada ya kwanta ya tara sauro. A gefensa muka dasa lemun tsami guda da zogale huɗu. Zogale ba ya bukatar iri ma, Kawu ya saro sanduna masu kaurin damtse daga shingen gonarsa, aka kafa su a farkon damina, kafin sati uku sun tofo. Ruwan wanke-wanke, mai sabulu da maiƙo, muka ja shi da guntun bututu zuwa wani ramin daban, nesa da abin da ake cin ganyensa. Na banɗaki ba mu taɓa ba, yana tafiya inda ya saba.

A jikin katangar gabas muka jera lalle. Na so aguwa ko bini-da-zugu saboda awaki ba sa cin su, amma matar gidan ta ce a'a, tana da mai rarrafe, ƙaron aguwa yana ƙona ido, 'ya'yan bini-da-zugu kuma guba ne ga yaron da ya ɗauka gyaɗa ce. Ta fi ni gaskiya. Lalle yana jure fari, yana karɓar aski ya zama shinge, furensa yana da ƙamshi da yamma, kuma babu matar da za ta bar shi ya mutu a gidanta.

Ramukan dashen mun yi su ne irin na tassa, dabarar da manoman Illela ta jihar Tawa a Nijar suka ɗauko daga Yatenga ta Burkina Faso a ƙarshen shekarun 1980: rami mai faɗi, a zuba taki, a bar bakinsa ƙasa da doron fili domin ruwa ya taru a gindin shuka. A gona gara tana taimakawa, tana bin takin tana huda ƙasa ruwa ya shige. A cikin gida kuwa gara abokiyar gaba ce, saboda haka ruɓaɓɓen taki kawai muka sa, muka kuma nisanta ramukan daga gindin bango. Kusa da lemun muka binne tulu har wuya. Tulun yumɓu yana tsattsafo da ruwa a hankali ta jikinsa, saiwa ta zo ta rungume shi. Ana cika shi sau biyu a mako, a rufe bakinsa da murfi. Kuɗin tulun bai kai na kwanon abinci a Abuja ba.

Inuwa ita ce babbar matsala, domin ita ce ba a saye a kasuwa. Dogon yaro shi ne abin da kowa zai ce, kuma da dalili: asalinsa daga Indiya da Bama ne, an shigo da shi Borno a 1928, ya bazu har ya zama kamar ɗan gida, yana zama kore a tsakiyar bazara ba tare da an ba shi ko kofi ba in ya kafu. Sai dai shi ma saiwarsa ba ta da kunya, kuma sai ya shekara uku zuwa huɗu kafin a zauna ƙarƙashinsa. Muka dasa biyu a waje, ta yamma da gidan, taku bakwai daga katanga, domin ranar la'asar ita ce ke gasa ɗakuna. A ciki kuwa muka kafa rumfa da ginshiƙan ƙarfe huɗu, aka rufa da zana. Zana takan yi shekara biyu a sake ta. Da damina matar gidan ta shuka soso da kabewa a gindin ginshiƙan suka haye, rumfar ta zama kore ba da kuɗin kowa ba.

A ƙasan rumfar na yi wani kuskuren. Na sa aka zuba tsakuwa, don na ga ana yi a hotuna. Bayan mako biyu aka aiko mini cewa ba ta sharuwa, ba a shimfiɗa tabarma a kanta, yara kuma suna jifa da ita. Inna ce ta ce a yi daɓe. Na ɗauka an daina, ashe akwai tsofaffin mata a unguwar da hannunsu bai manta ba. Wani ɗan uwanmu ya kawo makuba daga Maradun ran kasuwar Talata, ni ban je ba saboda halin da hanya take ciki. Aka baza jar ƙasa da ƙananan tsakuwa, aka yayyafa ruwa, mata biyar suka wuni suna bugu da madaɓi suna waƙa, sannan aka yi ta shafa ruwan makuba har ƙasan ya yi duhu yana sheƙi. Daɓe ba ya son dukan ruwan sama kai tsaye, shi ya sa iyakarsa ƙarƙashin rumfa, kuma yana son gyara duk shekara ko biyu. Amma da tsakar rana kana iya taka shi ba takalmi, abin da ba ka isa ka yi a kan intalok ba. Sauran filin muka bar shi da rairayi, ana sharewa safe da yamma kamar yadda aka saba. Iyayenmu da suke share tsakar gida ƙal suna da hujja: a fili mai shara ana ganin sawun maciji, kunama ba ta da maɓoya.

Ciyawa fa? Ban haƙura gaba ɗaya ba. Ƙarƙashin tankin da ke ɗiga, wuri kamar faɗin tabarma biyu, muka dasa kirikiri da Kawu ya cizgo daga bakin kanal. Ita ce dai ciyawar da ake shimfiɗawa a filayen ƙwallo na ƙasashe masu zafi, ana kiranta da sunan Bamuda, mu kuma a nan manomi yana yaƙi da ita a gona. Tana yaɗo, tana jure taku, in ta rasa ruwa ta bushe ta yi kamar ta mutu, ruwan farko ya sauka ta farfaɗo. Ko sisi ban biya ba.

Abu na ƙarshe a takarda aka yi shi. Cikin yarjejeniyar haya na ƙara layi uku: ganye da 'ya'yan duk abin da ke gidan na ɗan haya ne, ya ci ya sayar, ba zai sare itace ba sai da izini, a ranin farko za a rage masa kuɗin kurar ruwa ɗaya duk mako daga haya, saboda dogon yaron waje. Duk aikin nan, har da rumfa da ladan masu daɓe, bai kai abin da na kashe kan ciyawar Sakkwato da motar da ta kawo ta ba. Ba komai ne ya yi ba. Gwanda biyu da na dasa kusa da indararo ruwa ya kashe su a Agusta, domin gwanda ba ta son jiƙa a gindi. Ragon layyar gidan ya tsinke ya cinye zogale ɗaya har ɓawo. Rabin tsakar gidan har yau intalok ne, cire shi wani kuɗin ne da ba mu da shi.

A damina ta biyu ɗan hayar ya turo mini hoto. Daga tsakanin intalok, daidai inda kututturen durumin yake binne, wani tsiro ya ɓullo da faffaɗan ganye. Na tuna manoman Maradi da tun shekarun 1980 suke mayar da itatuwa gonakinsu ta hanyar renon tohon tsofaffin kututture, ba tare da dasa sabo ba. Na so in bar shi, amma yanzu katanga ta matso kusa da wurin fiye da da, maganar magini tana nan. Kawu ya ce a bari ya yi kaurin sanda, a yanke a kafa a waje, durumi yana kamawa daga reshe. Haka aka yi, aka kafa shi a ƙofar gida can gefen hanya, aka kewaye da ƙaya.

Yayata har yanzu in maganar gidan ta taso takan ce "kafin a sare durumin Baba", ba ta kallona. Makon jiya ɗan hayar ya kira, ya ce akuyar maƙwabta ta ture ƙayar ta cinye ganye shida cikin tara, yana ganin gara a samo tsohuwar durom a fasa gindinta a kifa masa. Na tambaye shi nawa ake sayarwa a kasuwa, ya ce sai ran Talata zai duba.